Yadda za ka zaga tsofaffin gidajen Charleston

In Allah ya kai ka Charleston a kudancin ƙasar Amurka, garin da aka kafa tun 1670, ka ajiye mota ka taka da ƙafa, amma fa da sassafe don zafinsu akwai gumi ba kaɗan ba. Fara da gidan Nathaniel Russell a titin Meeting, na 1808 ne, matakalarsa ta murɗe har hawa na uku ba ginshiƙi ko ɗaya, sai ka rantse faɗuwa za ta yi. Kana tafe ka lura da gidajen unguwar, siraran ne kuma barandarsu a gefe take don iska ta ratsa. Daga nan ka wuce gidan Aiken-Rhett, ni shi na fi so gaskiya, ba a yi masa kwalliya ba, fenti duk ya ɓaɓɓare haka aka bar shi, kuma kar ka tsaya a falo kawai, zagaya baya ka ga ɗakunan da bayi suka kwana a saman kicin da bargar dawakai, yawancin bayin asalinsu Afirka ta Yamma ne. Tikiti ɗaya na haɗin gidajen biyu ya fi araha.