Yadda za ka je taron zumunci na shekara ba tare da ka sha kunya ba

Mu a gidanmu uku ga ƙaramar Sallah ake yi, a tsohon gidan kakanmu da ke cikin birnin Kano, kuma in an taru wallahi sai ka rantse biki ake, ga 'yan Kaduna ga 'yan Abuja ga reshenmu na Maraɗi, har da jikokin ƙanin kakanmu da ya tafi fataucin goro ya yi zamansa a Kumasi. Na yi shekaru ban je ba saboda karatu, ranar da na koma kuwa na tsaya gaban wata dattijuwa na ce "Baba daga wane gida kike?" ashe gwaggona ce, yayar babana da suke uba ɗaya. Har yau in ta gan ni sai ta tambaye ni ko na gano gidan nasu. To don kar irin wannan ta same ka shi ya sa na ce bari in rubuta.

Shirin tun daga gida yake farawa, kuma ba kaya nake nufi ba. Ka samu mahaifiyarka ko wata babbar yaya ka zaunar da ita ta lissafo maka wa ya rasu a cikin shekarar, wa ya haihu, wa ya yi aure, wa aurenta ya mutu, wa ke kwance ba lafiya. In ba ka yi haka ba sai ka je ka tambayi mace "ina maigidan?" alhali wata huɗu ke nan da fitarta takaba. Wanda aka yi wa rasuwa ko da an daɗe, in dai ba ka je ta'aziyya ba to da "ya muka ji da haƙuri" za ka fara, mai jego kuma ka yi mata barka ka ɗauki jaririn ko na minti ɗaya ne.

Kuɗin gudummawa ka biya da wuri. Masu kwamiti da shi za su kama rumfa da kujeru da lasifika, su sayi buhun shinkafa da man janareta, ba daɗi a ce ranar taro ma'aji yana bin ka da littafi a gaban jama'a. Anko kuma in da hali ka yi, in babu ka sa wankakkun kayanka ka tafi, ba wanda zai kore ka, amma in za ka yi ɗin ka kai wa tela kafin azumi ya raba, kowa ya san halin teloli da Sallah. Ka riƙe canji a aljihu, 'yan ɗari biyu da ɗari biyar, saboda yara za su yanyame ka da barka da Sallah kuma ba za ka yi wa ɗan shekara shida tiransifa ba. Tsofaffi kuwa ɗan goro, sabulu, turare ko dabino ya wadatar, su ba girman abin suke dubawa ba, a dai ce ka tuna da su.

Ka fita da sassafe. In a Kano ne kuma ana hawa, biyu ga Sallah hawan Daushe uku ga Sallah hawan Nasarawa, hanyoyi da yawa a toshe suke da dawakai da 'yan kallo, mota kuma ka ajiye ta a bakin titi ka taka da ƙafa don lungunan cikin gari ba sa ɗaukar ta. Amma babban dalilin sammakon shi ne da safe ne kaɗai za ka samu tsofaffi a natse kafin hayaniya ta yi yawa.

Gaisuwa ita ce jarrabawar gaba ɗaya. Daga zaure za ka fara, wajen dattawan maza, ka cire takalmi ka durƙusa, kar ka miƙa wa babba hannu sai in shi ya fara miƙo maka. Ka bi su daga babba zuwa ƙarami, in ba ka san jerin ba ka lura da wanda aka ba wa kujerar tsakiya ko buzu. Daga nan ka yi sallama cikin gida, ɗakin kaka farko, sannan gwaggonni da innoni. Kuma don Allah ka faɗi ko kai wane ne da kanka, "ni ne ɗan wance na gidan wane", kar ka tsaya kana murmushi kana jiran tsohuwar da idonta ya yi rauni ta canko ka. Ka san bambancin baffa da kawu, baffa ɗan'uwan uba kawu ɗan'uwan uwa, haka gwaggo ta wajen uba inna ta wajen uwa, in ka rikice ka ce Baba ko Hajiya ka tsira. Kar ka yi mamaki in ka ji wata ta ƙi kiran sunan ɗanta na fari tana ta "yaron nan", alkunya ce ba faɗa suka yi ba.

Sai kuma 'yan wasa. Kaka za ta ce ga mijinta ya zo hannu rabbana ko cefane bai kawo ba, in mace ce ke kuma kin zama kishiya, taubasai su taso ka a gaba da kuɗin shara ko da watan cika-ciki bai kama ba. Ka rama daidai gwargwado ka yi dariya, wanda ya ɓata rai shi ake yi wa taron dangi.

Tsarin taron kusan ɗaya ne ko'ina, a buɗe da addu'a, wasu gidajen a yi saukar Alƙur'ani a yi wa mamata addu'a, kowane reshe ya tashi ya gabatar da mutanensa, ma'aji ya karanta abin da ya shiga asusu da abin da ya fita na marayu da kuɗin makaranta da asibiti. Bayan azahar a ci abinci, waina da miyar taushe, tuwon shinkafa, zoɓo da kunun aya, yara su yi musabaƙa da kacici-kacici, da la'asar samari su buga ƙwallo da magidanta. Abin da nake roƙonka a nan guda ɗaya ne, kar ka je ka ƙule a kusurwa da 'yan ɗakinku kuna danna waya, waɗannan ai kullum kuna tare. Ka ɗauki kwanonka ka zauna da wanda ba ka taɓa gani ba. A hadisin da Bukhari ya ruwaito ma an ce mai sada zumunci ba shi ne mai ramawa ba, shi ne wanda in an yanke masa yake sadarwa.

In an zo wajen ba da tarihin gida ka matso kusa ka kunna rikodin. Ni a bakin wata kakarmu na ji yadda aka yi muke da dangi a Sudan, mutanen da suka tafi Makka a ƙasa suka yada zango a hanya ba su dawo ba, kuma ba a rubuce yake a ko'ina ba. Ta rasu bara, muryar tana wayata.

Tambayoyi kam za ka sha su, yaushe aure, ina aiki, har yanzu shiru matar taka? "Ana ta addu'a, a taya mu" ta ishe ka amsa duka. Siyasa da rigimar gado ka bar wa manya, in an yi kiran sulhu kuma ba a sa da kai ba kar ka leƙa. Wanda ya ja ka gefe da buƙata ka ba shi abin da za ka iya a ɓoye, in babu ka faɗa masa gaskiya, alkawarin "zan turo" da ba a cikawa shi ke sa baɗi a riƙa kauce wa juna. Kuma in gwaggonni sun fara nuna maka wata 'yar baffa, ba laifi, auren zumunci da yawa a nan ake ƙulla shi, sai dai kafin magana ta yi nisa ku je gwajin jini, in ku biyun duk AS ne to kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila.

Kar ka sulale ba sallama. Ka tsaya a yi hoton gaba ɗaya, ka kama a tattara kujeru da ledojin ruwa, ka koma ɗakin kaka ka ce za ka tafi ta sa maka albarka. In da wuri a motarka ka tambaya ko akwai mai bin hanyarka, ba a rasa wata inna da jikoki uku da kular abinci tana tsaye a ƙofar gida tana jiran adaidaita.