Yadda za ka tare saƙonnin talla masu cinye maka kati

Ina sayar da katin waya a bakin kasuwa, kuma ƙorafin da na fi ji shi ne: "Malam, na sa ɗari biyar jiya, yau babu ko sisi." Yawanci ba kira ne ya cinye ba, wata waƙar kiran waya ce ko saƙon sakamakon ƙwallo da aka liƙa wa layin.

Tun 2016 hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, wato NCC, ta tilasta wa kamfanonin sadarwa buɗe lambar 2442. Buɗe wurin rubuta saƙo, ka rubuta STOP, ka tura zuwa 2442. Kyauta ne, ko wane layi kake riƙe da shi. In kana son wasu tallace-tallacen su ci gaba da shigowa, tura HELP ka zaɓa. Ni dai rufewa gaba ɗaya nake ba da shawara.

Amma wannan talla kawai yake tarewa. Abin da aka riga aka sa ka a ciki, sai ka danna *305# ka cire shi.

In an ci gaba da zarar kuɗin, kira 300 ka kai ƙara wurin kamfanin, ka karɓi lambar ƙorafi, ka rubuta ta a takarda. Suka yi biris? Kira NCC a 622. Lambar ƙorafin nan za su tambaye ka.