Giyar gem daban, giyar titin Akra daban

Ƙannena sababbin zuwa, musamman ku da kuka sauka Nima da Mamobi da Madina a Akra da niyyar kama tuƙi, da ku nake. Kusan duk wanda na tambaya ko ya iya mota mai giyar hannu sai ya ce sosai ma, in an matsa da tambaya sai a gano a gidan gem ya koya, a kan PlayStation.

Ban raina gem ɗin ba. In dai za ku kashe sidinku a kan Gran Turismo ko Need for Speed, to ku shiga saiti ku cire otomatik, ku sa giyar hannu. Da farko za ku sha kashi, mota na ta kuka a giya biyu kun manta da ita. Ku daure. Ku riƙa kallon allurar juyin inji, kafin ta shiga ja ku ƙara giya. In kwana ta taso ku fara taka birki, ku sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, don ku fita kwanar da giyar da ke da ƙarfin ja. A hankali za ku daina kallon allura, kunne ne zai riƙa gaya muku. Wannan kunnen zai bi ku har cikin mota ta gaske, kuma iyakar abin da gem zai ba ku ke nan.

Abin da kuke riƙewa a gidan gem ba shi da kuloci. Ƙafar hagu ba ta san komai ba. Ranar da cunkoson Circle, babbar mahaɗar titunan Akra, ya riƙe ka da yamma, mota ta mutu maka sau biyu, trotro, wato ƙaramar bas ɗin haya, na bayanka yana danna hon, yaron motar ya leƙo yana dukan ƙofa da tafin hannu, ranar za ka gane. Balle hawan dutsen Aburi daga Ayi Mensah, inda in aka tsaya sai ka haɗa birkin hannu da kuloci da totur kafin ka tashi, in ba haka ba ka koma kan na bayanka. Kuma halin gem na kai allura bakin ja, ku bar shi can. Motar haya tun da wuri ake canja mata giya, don mai tsada gare shi. Wanda ke ɗora ƙafa kan kuloci yana tafiya, ba da jimawa ba zai ji ƙauri, daga nan sai kasuwar kayan mota ta Abossey Okai neman farantin kuloci, kuma daga aljihunsa maigida zai cire.

Batun masauki da abinci ba zan ɓata muku lokaci ba. Zango ba ta barin baƙo ya kwana a titi, ga wake da shinkafa ga tuwo, Hausa kuma tana kai mutum har Kumasi. Hannun tuƙi ma irin na gida ne, tun 1974 Ghana ta koma dama.

Takarda ce matsalar, kuma a nan nake so ku buɗe kunne. Kwana 90 da ɗan ƙasar ECOWAS ke samu in ya shigo na ziyara ne. Mai niyyar zama sai ya nemi izinin zama a wurin hukumar shige da fice, ya kuma yi katin shaida na Ghana Card na baƙi, wanda ake sabuntawa duk shekara. Kada wani ya ruɗe ku ku yi na ɗan ƙasa da sunan aro, laifi ne babba, kuma ranar da asiri ya tonu wanda ya haɗa ku ba ya nan. Lasisi kuwa DVLA, hukumar lasisin direbobi da motoci, ce kaɗai ke bayarwa. Akwai gwajin ido, akwai makarantar tuƙi, akwai takardar ɗan koyo da alamar L da za ka lika, akwai jarrabawar dokokin hanya a kwamfuta, sannan gwajin tuƙi. Rukunin B na ƙananan motoci ne, ba ya ba ka damar jan trotro cike da fasinja. Wanda ya zo da lasisin gida na gaske, ya kai shi ofis da ƙafarsa ya tambayi yadda ake musanya shi.

Da ƙafarsa na ce, saboda masu shiga tsakani da ake kira goro boys. Wanda ya cuce ni a shekarata ta farko da Hausa ya tare ni a teburin mai shayi, riga a goge, ambulan ruwan ƙasa a hamata, yana ce mini ɗan'uwa. Ya karɓi hotuna da kuɗin da na tara, ya kawo kati mai sheƙi da sunana a jiki. Na yi ta aiki da shi har ranar da ɗan sanda ya juya katin a hannunsa, ya dube ni, ya ce in kashe mota in fito. Jabu ne. Na kwana a caji ofis, mai mota ya karɓe makullinsa, dattawan unguwa ne suka tashi tun asuba suka tsaya mini, Allah ya saka musu. Abin da ke ƙona mini rai, a bana ma na ga samari sun miƙa kuɗi ga masu irin wannan ambulan, bayan an ja musu kunne a masallaci. Kun fi yarda da wanda ya ce sati ɗaya a kan wanda ya ce ku yi haƙurin watanni. Duk kuɗin da za ku biya, ku biya a kan kantar ofis, ku karɓi rasit da sunanku.

Direbobin Zango suna da suna a tashoshin garin nan, kuma da gumi iyayenmu suka samo shi. Ku nemi ɗaya cikin tsofaffin, ku gaishe shi yadda ya kamata, ku sa masa mai. In takardar ɗan koyo ta fito, ya kai ku fili da safiyar Lahadi lokacin da hanya ba kowa. Darasin farko, tayar da mota a giya ɗaya da kuloci kaɗai, ba tare da taɓa totur ba, har sai ta daina mutuwa.