Kwana uku daga Madina zuwa Al'ula a motar haya

Bayan mun gama Umara mun dawo Madina, sai muka ga akwai sauran kwana huɗu kafin jirginmu. Ni da ƙanin matata muka ce bari mu leƙa Al'ula, wani tsohon gari a arewa da Madina. Ga yadda zan shirya tafiyar in zan sake yin ta, har da abin da ba zan maimaita ba.

Kada ka fara da neman mota. Fara da tikitin shiga Hijir, wato Mada'in Salihu, wanda Turawa ke kira Hegra, wurin tarihi da ke kusa da Al'ula. Ba a barin kowa ya kutsa da motarsa cikin wurin. A intanet ake yankan tikiti, a ba ka rana da sa'a, sannan motar hukumar wurin ta kwashe ku. Lokacin sanyi wuraren na cikewa da wuri. In ka samu tikitin safe na kwana na biyu, sauran tafiyar duk a kansa za ka ɗora ta.

Sannan mota. Ka taho da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tun daga gida, da katin banki mai kuɗi a ciki, don za su riƙe wani abu a matsayin jingina. Ƙaramar mota ta isa, titin kwalta ne lafiyayye, kuma hannun dama suke bi kamar mu. Abin da ya ci ni shi ne gaggawa: na karɓi makulli ban zagaya motar ba, ranar da na mayar aka nuna mini wani ƙarce a ƙofar baya, ni kuwa ba ni da shaidar cewa na same shi a haka. Na biya ina ƙunƙuni. Ka ɗauki bidiyon motar gaba da baya, har taya ta ajiya, a gaban ma'aikacinsu. Ka tambaye shi wane fetur take sha, 91 ko 95, kuma kilomita nawa aka yarje maka a rana, don tafiyar ta haura kilomita 300 zuwa kawai.

Ku tashi bayan sallar asuba. Mun bi hanyar Tabuka ta Khaibara, kimanin awa biyu daga Madina. Ƙasar nan baƙin dutse ne na tsohon aman wuta, shimfiɗe iyakar ganinka, sai can ka hango dabino kore shar a cikin kwari. Duk wanda ya karanta yaƙin Khaibara na shekara ta 7 bayan Hijira, in ya ga wannan dutsen zai gane wahalar da aka sha. A nan za ka cika tanki ko da rabi ya rage, ka sayi katan ɗin ruwa. Daga nan gidajen mai sai jefi-jefi.

Abu biyu ke kama baƙo a hanyar. Na farko kyamarorin Sahir masu kama gudu. Ba ɗan sanda balle ka ce "yallaɓai a yi haƙuri", tarar za ta biyo ka ta hannun masu motar. Na biyu raƙuma. Da rana kana hango su daga nesa, da dare kuwa baƙin raƙumi a kan baƙar kwalta sai ka zo dab da shi. Shi ya sa na ce duk yadda za a yi, magariba ta same ka ka riga ka sauke kaya. Lambar motar asibiti 997 ce, ka ajiye ta a waya, ka kuma sauke taswira tun kana Madina saboda wuraren da sabis ke ɗaukewa.

Yammacin ranar farko ka ba Dutsen Giwa, Jabalul Fil. Dutse ne guda ja wanda iska ta sassaƙe shi har ya fito da hanci kamar na giwa, ana zama a gabansa a sha shayi har rana ta faɗi. Mu da muka zo da 'yar shara a watan Janairu, haƙoranmu har karo suke. Sanyin hunturun Kano wasa ne a kan na can, ka taho da rigar sanyi mai kauri.

Maganar Hijir kuwa sai an tsaya. Shi ne wuri na farko a Saudiyya da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin wuraren tarihi na duniya, a 2008. Kaburbura ne sama da ɗari da Nabatawa, mutanen da suka gina Petra ta Jodan, suka fafe a jikin duwatsu kusan shekara dubu biyu da suka wuce. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Ƙasarul Farid, shi kaɗai a fili, ba a ma ƙarasa sassaƙa ƙasansa ba, kana ganin sawun guduma. Amma mu Musulmi mun san wurin da wani suna: ƙasar Samudawa, mutanen Annabi Salihu. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa da Manzon Allah (SAW) ya ratsa ta nan a hanyar Tabuka, ya hana shiga gidajen waɗanda aka halaka sai dai mutum yana kuka, shi kuma ya rufe kansa ya yi sauri. Malamai sun yi magana a kan ziyarar, don haka ka tambayi malaminka tun kafin ka yanki tikiti. Ƙanin matata ya ce shi kam ba zai shiga ba, ya jira ni a gari. Ni na shiga, amma ban iya tsayawa ina washe baki a gaban kyamara ba.

In ka fito, tsohon garin Al'ula na nan da gidajen laka manne da juna kamar cikin Birnin Zariya, ga gonakin dabino da lemo a ƙasansa inda za ka yi tafiyar ƙafa cikin inuwa. Masauki a nan tsada gare shi. Mu ɗaki muka kama a wani gidan haya a cikin gari, muka ci shinkafa da kaza a kan tabarma.

Rana ta uku ka sayi dabinon tsaraba da safe, ka kama hanya kafin ƙarfe goma, don ka mayar da mota a kan lokaci ka samu la'asar a Masallacin Annabi.