Darasi na 9: Baƙin allo da fari, wanne ya fi shan wuta?

Hajiya ta je wani shagon buga takardu a Aboabo, nan Kumasi. Ta tarar da allon kwamfutar baƙi ƙirin, rubutun kuma fari fat.

"Kai yaro, na'urar taka lalacewa ta yi?"

"A'a, Hajiya, ni na mai da ita haka. An ce baƙi ba ya cinye kuɗin mita."

Ko gaskiya aka faɗa masa? Sai mun ga irin allonsa tukuna.

Tsohon allo, mai ƙaton ƙeya kamar talabijin ɗin da, shi kam haka ne. Yana harba haske ne a inda ake so ya haskaka, don haka fari ya fi baƙi shan wuta. Sai dai yanzu da wuya ka gan shi, in ba a wurin masu gyara ba.

Allon yaron nan siriri ne, irin wanda ake kira LCD, wanda ya cika shaguna da ofisoshi. A bayan gilashinsa akwai fitila, kuma muddin allon na kunne, tana ci. In ana son baƙi, tare hasken kawai ake yi. Kamar ka kunna ƙwan lantarki a ɗaki ne, ka saki labule mai kauri. Na waje zai ga duhu, amma mitar ECG, kamfanin wutar lantarki, ba ruwanta da labule, lissafinta take yi. Wato yaron bai rage komai ba sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Da hasken allon ya rage, da ya ga bambanci, domin fitilar ce ke shan mafi yawan wutar.

Akwai kuma OLED, wanda aka fi samu a wayoyi masu tsada. Kowane ɗigo a jikinsa shi ke ba da haskensa, inda baƙi yake kuwa a kashe yake. A nan baƙi na da amfani sosai, musamman ranar dumso, an ɗauke wuta batir kuma ya kusa ƙarewa.

Wani kuskuren da nake yawan gani: a tashi zuwa sallar azahar a bar hotuna suna yawo a allo, wai yana hutawa. Ba hutawa yake ba. Danna maɓallin ka kashe shi.

Mu yi lissafi. Wat (W) shi ne ma'aunin ƙarfin wutar da na'ura ke ja. Wat 1,000 na awa ɗaya shi ne yunit ɗaya. A ce allonka wat 25 ne, kana aiki awa 8 kullum: daidai da wat 200 na awa ɗaya ke nan a yini, yunit ɗaya a kwana biyar. In tsoho ne mai wat 75, yunit nawa zai ci a kwana biyar ɗin? Rubuta amsar a littafinka.

Kafin zama na gaba, leƙa bayan allo ko talabijin na gidanku. Akwai 'yar takarda manne a wurin. In ka ga lamba mai harafin W a gefenta, kwafo ta ka zo mana da ita.