Yadda na kuɓuta daga matsalar bizar tsayawa a Jamus

Saura kwana biyar tafiyata Sao Paulo ta ƙasar Brazil, wani abokina ya duba tikitin ya ce, "Malam, ina bizarka ta tsayawa a Frankfurt?" Ashe mai fasfon Najeriya sai da wannan biza kafin ya sauya jirgi a filayen ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ta bai ɗaya irin su Jamus, ko da ba zai leƙa waje ba. Haka ma ɗan Gana. Da ina da bizar Amurka, Kanada ko Japan mai aiki da an ɗauke mini, to ba ni da ko ɗaya. Ejan ɗin da ya yanka mini tikitin kuwa bai ce mini uffan ba.

Neman biza a kwana biyar ba zai yiwu ba. Na koma wurin ejan ɗin, na biya cikon kuɗi, aka mayar da hanyar ta Addis Ababa, duka a tikiti ɗaya don kaya su wuce kai tsaye. A Abuja na duba takardar da aka manna wa akwatina, GRU ta nuna, wato lambar filin jirgin Sao Paulo, hankalina ya kwanta.

A filin Bole na Addis Ababa an sake bincike, ruwan gorata ya tafi kwandon shara. Sanyi ne dai ya dame ni, don rigar sanyin tana cikin akwati.