Yadda za ka bibiyi tarihin Dodgers a rediyo da talabijin

In kana son sanin yadda aka riƙa yaɗa wasannin besbol na ƙungiyar Dodgers ta Amurka kar ka fara daga Los Anjeles inda suke yanzu, koma Brooklyn tukuna don can suke har 1957. Fara da Red Barber, shi ya yi sharhin wasan babbar gasar besbol na farko da aka nuna a talabijin, 26 ga Agusta 1939, Dodgers da Cincinnati Reds a filin Ebbets. Sai ka bi muryar Vin Scully, kai mutumin nan ya daɗe, 1950 har 2016, kakar wasa 67 cur! Nemo tsofaffin sharhinsa a YouTube, ka lura yadda yake yin tsit ya bar ihun 'yan kallo ya cika rediyon. Kar ka tsallake Jaime Jarrín mai sharhin Sifaniyanci, 1959 zuwa 2022.